Tony O'Reilly: Daga Filin Zari-Ruga Zuwa Kujerar Heinz, da Bashin da Ya Cinye Komai

A watan Fabrairun 1970, kwana ɗaya ko biyu kafin Ailan ta kara da Ingila a filin Twickenham da ke Landan, ɗaya daga cikin 'yan wasanta ya kasa, aka rasa wanda zai maye gurbinsa cikin gaggawa. Sai aka aika wa wani mutum mai shekara 33 wanda rabonsa da sa koriyar rigar ƙasar tun 1963. Lokacin shi ne shugaban kamfanin abinci na Heinz reshen Birtaniya. Ya zo wajen atisaye a bayan mota, direba na jansa, abokan wasa suna tsaye suna kallo. Ailan ta sha kashi a wasan, shi ma bai taɓuka wani abin kirki ba, kuma daga nan ya rataye takalmin bugawa ƙasa. Mutumin shi ne Tony O'Reilly, kuma a wannan rana ce rayuwarsa guda biyu suka haɗu a wuri ɗaya: ɗan wasan da jama'a ke so, da ɗan kasuwar da ke kan hanyar zama mafi arziki a ƙasarsu.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata a ɗan tsaya a kan wasan kansa, domin ba wasan da muka saba gani ba ne. Zari-ruga ana buga shi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 kowane ɓangare. Ana rungumar ƙwallon a ruga da ita, ba a miƙa ta gaba da hannu sai dai baya ko gefe, kuma babbar nasara ita ce a dire ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya. A zamanin O'Reilly direwa ɗaya maki 3 ce, yanzu ta koma 5. Shi ɗan gefe ne, wato mai tsayawa can bakin layi yana jiran ƙwallo ta iso hannunsa ya tsere da ita. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai jan gashi, ga gudu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga fahimtar rayuwarsa shi ne, a lokacin ba a biyan ɗan zari-ruga ko kwabo. Tun 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila, inda 'yan wasa leburori ne da masu haƙar kwal, suka ɓalle suka kafa nasu nau'in wasan, saboda an hana a biya su ladan ranar aikin da suka rasa. Waɗanda suka rage suka riƙe dokar "ba kuɗi" har zuwa watan Agustan 1995. Ma'anar haka a fili take: wanda zai iya barin aiki wata huɗu ya tafi rangadin wasa a wata nahiya, dole ne ɗan masu hali ne, ko ɗalibi, ko wanda ubangidansa ke alfahari da shi. Saboda haka filin zari-ruga ya zama majalisar lauyoyi da likitoci da 'yan banki da 'ya'yan manyan makarantu. Ba a ba ka albashi, amma ana ba ka mutane. Wanda ya san yadda ake riƙe mutane, ya fita daga wasan da jarin da ya fi albashi.

An haifi O'Reilly a Dublin ranar 7 ga Mayu, 1936. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne da ya kai babban matsayi. Sai da yaron ya zama saurayi ya gano cewa babu aure tsakanin iyayensa, kuma mahaifin yana da wata mata da 'ya'ya. A Ailan ta wancan zamani, inda cocin Katolika ke da ta cewa a komai, wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗauka a zuci. Iyayen ba su yi aure ba sai 1973. Ina ganin wanda bai riƙe wannan a ransa ba, zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa mutumin ya shafe rayuwarsa yana neman a karɓe shi a gida, ko da bayan duniya ta riga ta karɓe shi. Ya yi karatu a Belvedere College, makarantar limaman Jesuit, ya karanta shari'a a University College Dublin, ya zama lauya, amma bai zauna a aikin lauya ba.

Yana da shekara 18 ya fara buga wa Ailan, a karawa da Faransa a farkon 1955. A shekarar kuma aka ɗauke shi cikin tawagar Lions, wadda ake haɗawa daga fitattun Ingila da Scotland da Wales da Ailan, zuwa Afirka ta Kudu. Wasan farko a Ellis Park da ke Johannesburg, gaban mutum kusan 95,000, Lions suka ci 23 da 22, kuma yaron yana cikin waɗanda suka dire ƙwallo. Lokacin mulkin wariyar launin fata ne, baƙaƙe da sauran waɗanda ba farare ba an ware su a wani lungu na filin, kuma su Lions suke goyon baya. A 1959 ya sake bin Lions zuwa Ostireliya da New Zealand. A rangadin biyu ya dire ƙwallo sama da sau 35, shida daga ciki a manyan wasanni goma na ƙasa da ƙasa, kuma har yau ba wanda ya kamo shi a rigar Lions. Ailan kuwa sau 29 ya buga mata.

Sunansa a kasuwanci ya fara fitowa ne da man shanu, kuma a ganina nan ne ainihin mabuɗin komai. A 1962, yana ɗan shekara 26, aka naɗa shi babban manajan hukumar madara ta Ailan, An Bord Bainne. Ƙasar tana da ciyawa da shanu da ruwan sama, ba ta da kuɗi, matasanta kullum cikin jirgi suke zuwa Ingila da Amurka neman abin yi. Man shanun da manoma ke yi ana fitar da shi ne a manyan ƙunshi ba suna, 'yan kasuwar Birtaniya su saya da arha, su gauraya da na wasu ƙasashe, su sa nasu sunan. Ribar tana wajen mai suna, wahalar tana wajen mai saniya. O'Reilly da mutanensa suka naɗe man a takarda mai ruwan zinariya, suka sa masa suna Kerrygold, suka fara sayarwa a yankin Manchester. Man nan dai shi ne na jiya, saniyar ma ita ce. Abin da ya canja shi ne yanzu matar gida a Ingila za ta shiga kanti ta ambaci sunansa, kuma za ta yarda ta ƙara kuɗi a kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kwashe riɗi ko citta ko fata daga ƙasarmu a buhu, su dawo cikin kwalba da tambarin wani, ya san abin da nake nufi.

Darasin da ya ɗauka daga nan bai taɓa sakinsa ba: kaya suna tsufa, amma sunan da mutane suka amince da shi dukiya ce mai haihuwa. Shi kansa haka aka yi da shi. Sunan da ya yi a fili shi ya buɗe masa ƙofar ofis, bakinsa kuma ya riƙe masa ita a buɗe, domin mutum ne mai iya magana, mai kwaikwayon muryoyi, wanda zai tashi a wajen liyafa ya riƙe manyan mutane awa guda ba wanda ya duba agogo.

A 1966 ya koma shugabancin kamfanin sukari na gwamnati, wanda ke da wani reshen abinci mai suna Erin Foods da ke ta asara. Ya haɗa reshen da Heinz, kamfanin Amurka da aka kafa a 1869, wanda aka sani da miyar tumatir ta kwalba da waken gwangwani da abincin jarirai. Heinz suka ga yaron, suka ɗauke shi. A 1969 ya zama shugaban reshen Birtaniya, 1971 ya koma hedikwata a Pittsburgh, 1979 ya zama shugaban gudanarwa, a 1987 kuma ya hau kujerar shugaban hukumar daraktoci, mutum na farko da ba jinin gidan Heinz ba da ya hau ta. Lokacin da ya karɓi ragama darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ba ta kai dala biliyan 1 ba. Kafin ya sauka daga shugabancin gudanarwa a 1998 ta haura biliyan 10.

Yadda ya yi hakan ba wani asiri ba ne. Ya matse kashe kuɗi a masana'anta, ya rufe waɗanda ba sa riba, aka sallami ma'aikata da yawa, sannan abin da aka tara aka zuba shi a talla don sunan Heinz ya zauna a kan mutane. Ya faɗaɗa zuwa ƙasashe, ciki har da Zimbabwe, inda a 1982 Heinz ta sayi kaso mafi rinjaye a kamfanin man girki na Olivine tare da gwamnatin Robert Mugabe, lokacin da kamfanonin Yamma da yawa ke ɗari-ɗari da sabuwar ƙasar. Ladansa kuma bai tsaya a albashi ba. An ba shi damar sayen hannun jari a farashi mai sauƙi, kuma a 1991 abin da ya samu ya haura dala miliyan 70, aka lissafa shi kan gaba a shugabannin kamfanonin Amurka a shekarar.

Da a nan ya tsaya, da labarin gajere ne kuma mai daɗi. Amma tun yana hawa a Pittsburgh yake gina wata daula ta kansa a gida. Yakan gama aiki a Amurka ranar Juma'a, ya kwana a jirgi, ya wayi gari a Dublin yana taron kamfanoninsa, ya koma kafin Litinin. A 1973 ya sayi iko da kamfanin jaridun Independent na Ailan da kuɗin da bai wuce fam miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Daga nan ya bazu: jaridu a Ostireliya, New Zealand Herald, jaridar Independent ta Landan wadda ya mallaka gaba ɗaya a 1998, da kuma rukunin Argus na Afirka ta Kudu, masu The Star da Cape Argus, wanda ya saya a 1994, shekarar da Nelson Mandela ya hau mulki. Akwai abota tsakaninsa da Mandela, kuma ƙasar da ya fara zuwa a matsayin yaro mai ƙwallo ta zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi kawo masa riba.

Wani aikin nasa da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin shi ne mafi nauyi, shi ne asusun da ya kafa a 1976 tare da Dan Rooney, mai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Pittsburgh Steelers. Lokacin ana zubar da jini a Ailan ta Arewa, kuma wasu Amurkawa 'yan asalin Ailan suna tara kuɗi suna aikawa, wani ɓangare yana ƙarewa a bindiga. O'Reilly da Rooney suka buɗe wata ƙofa ta daban: ka ba da kuɗinka, amma ya tafi makarantu da ayyukan sulhu da al'adu a ɓangarorin biyu. Wannan ma yana da tushe a wasan. Tsibirin Ailan ƙasa biyu ne a siyasa, amma ƙungiyar zari-rugarsa ɗaya ce, Katolika daga kudu da Furotesta daga arewa suna sa riga ɗaya. Mutumin da ya sha gumurzu kafaɗa da kafaɗa da 'yan Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa, ba zai iya kallon su a matsayin abokan gaba ba. Asusun ya tara ɗaruruwan miliyoyin daloli tun daga lokacin. A 2001 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir, saboda hidimarsa ga Ailan ta Arewa, abin da wasu 'yan ƙasarsu ba su ji daɗinsa ba.

Ba kowa ne ke ƙaunarsa a gida ba, kuma masu sukar suna da hujja. Kamfaninsa ya riƙe kaso mai yawa na jaridun ƙasar har mutane suka fara tsoron cewa murya ɗaya ce ke magana da bakuna da yawa. A jajibirin zaɓen 1997, Irish Independent ta buga sharhi a shafin farko tana kiran jama'a su kayar da gwamnatin da ke kai, kuma gwamnatin ta faɗi. Ga shi kuma mazauninsa na haraji ba a Ailan yake ba. Mutum ya riƙa faɗa wa ƙasa yadda za ta yi zaɓe alhali harajinsa na kansa yana wani wuri, dole a yi magana.

Faɗuwar ta zo ta ƙofa biyu, kuma dukansu ƙofofin da ya fi yarda da su ne. Ta farko ita ce Waterford Wedgwood. Waterford suna ne na kofuna da kwanonin ƙarau na Ailan da ake sassaƙawa da hannu, wanda ya samo asali tun 1783, Wedgwood kuma tangaran ne na Ingila tun 1759. An haɗa su a 1986, suka shiga matsala, O'Reilly ya shigo da jari a 1990. Da farko abin ya yi kyau, musamman a kasuwar Amurka. Amma duniya tana juyawa. Amaren zamani sun daina son kabad cike da kayan da ba a taɓawa sai baƙo ya zo, suna son abin da za a jefa a injin wanki. Dala ta yi rauni a gaban yuro, alhali ana biyan ma'aikata da yuro ana sayarwa da dala. Masana'antun Asiya da gabashin Turai suna yin makamancinsa da rabin kuɗi. Kowace shekara asara, kowace shekara sai a nemi sabon jari, kuma shi da surukinsa Peter Goulandris, ɗan'uwan matarsa ta biyu, su ne ke sa hannu a aljihu. Abin da suka zuba ya kai kusan yuro miliyan 400, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. A watan Janairun 2009 kamfanin ya durƙushe.

A nan nake ganin bambancin O'Reilly na Heinz da O'Reilly na gida. A Pittsburgh dukiyar mutane yake juyawa, akwai hukumar da zai yi wa bayani, kuma idan reshe ya ƙi riba yakan datse shi ba tare da waiwaye ba. A Waterford kuwa zuciya ce ke lissafi. Suna ne na Ailan da ya shiga gidajen sarakuna, kuma shi ba zai yarda a ce a hannunsa ya mutu ba. Ban ɗauki wannan wauta ba. Ɗan kasuwa mai sanyin jini da tuni ya tsere ya bar wasu da gawa. Shi ya tsaya har ya ƙone tare da gidan. Sai dai tsayawar tasa ba ta ceci ma'aikatan ba. Sun mamaye masana'antar da ke Kilbarry na makonni, kuma da aka duba asusun fanshonsu aka tarar da babban giɓi. Sai da suka kai ƙara har kotun Tarayyar Turai, ta ba su gaskiya a 2013, kafin gwamnati ta biya su. Idan ana juyayin attajirin da ya rasa gidan gona, bai kamata a manta da wanda ya shafe shekara talatin yana sassaƙa gilashi ya tashi ba fansho ba.

Ƙofa ta biyu ita ce jaridu. An gina daular ne da bashi, wanda ya haura yuro biliyan 1, bisa lissafin cewa kuɗin talla zai ci gaba da shigowa kamar yadda ya saba. Intanet ta zo ta kwashe tallan gidaje da motoci da guraben aiki, waɗanda su ne ke ciyar da jarida. Rikicin kuɗi na 2008 ya ƙarasa sauran, domin a Ailan kasuwar gidaje ce ta fashe, kuma masu gidaje su ne manyan masu talla. Ana cikin haka ga Denis O'Brien, attajirin wayar salula mai kamfanin Digicel. A 2001 O'Reilly ya kayar da shi a takarar sayen Eircom, kamfanin wayar ƙasar. Daga 2006 O'Brien ya fara sayen hannun jarin Independent, yana sukar yadda ake tafiyar da kamfanin kamar gadon gida. Don kada a ƙwace masa, O'Reilly ya ci ƙarin bashi ya sayi ƙarin hannun jari a farashi mai tsada.

Yadda wannan tarko yake aiki yana da sauƙin ganewa. Mutum yana da hannun jari na naira dubu, ya jinginar da shi a banki ya karɓi ɗari shida. Ribar da kamfanin ke rabawa kowace shekara ita ke biyan kuɗin ruwa. Ranar da darajar jarin ta faɗo zuwa naira hamsin, kamfanin kuma ya daina raba riba, bashin yana nan ɗari shida bai motsa ba, kuɗin ruwa yana hawa, abin biya kuma babu. Hannun jarin Independent ya rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na darajarsa. O'Reilly ya sayar da jarinsa na Heinz, wanda shi ne mai lafiya, don ya tallafi marasa lafiyar. Ya sauka daga shugabancin jaridun a 2009. A 2010 aka sayar da Independent ta Landan ga Alexander Lebedev a kan fam 1. Ɗansa Gavin da ya gaje shi ya bar kujerar a 2012, a 2013 kuma aka sayar da jaridun Afirka ta Kudu.

A watan Yunin 2014 bankin AIB na Ailan ya samu hukuncin kotu a kansa na yuro miliyan 22.6. Bankin lokacin yana hannun gwamnati, bayan an ceto shi da kuɗin talakawa, saboda haka ba shi da fuskar yi wa babban mutum sassauci. Aka sayar da Castlemartin, gidan gonarsa mai eka kusan 750 a yankin Kildare, inda ya karɓi Mandela da sauran manyan baƙi, kuma inda kabarin iyayensa yake. Attajirin Amurka John Malone ne ya saya. A watan Nuwamban 2015 wata kotu a Bahamas ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, yana da shekara 79. Daga nan ya koma zama a Faransa, ba a cika jin ɗuriyarsa ba, har ya rasu a wani asibiti a Dublin ranar 18 ga Mayu, 2024, yana da shekara 88.

Jaridun Independent na Ailan yanzu suna hannun Mediahuis na Beljiyam, wanda ya saye su a 2019. Waterford da Wedgwood suna ƙarƙashin Fiskars na Finland, kuma har yanzu ana sayar da kaya da sunayen. Kerrygold kuwa, wanda O'Reilly bai taɓa mallakar ko kaso ɗaya nasa ba domin na ƙungiyoyin manoma ne, cinikinsa ya haura yuro biliyan 1 a shekara tun 2019. Tsohuwar hukumar madarar ta koma Ornua, man shanunta yana cikin na gaba-gaba a Jamus da Amurka, kuma madarar garinta mai wannan suna tana kan kantocin Najeriya.